Tsamiyar Bakin Rijiya

Har gobe ba na mantawa da safiyar da aka tashi sare tsamiyar Kamarawa. Lokacin farin shekarun tamanin ne, ina malamin gona a Isa. Aikinmu mu kai wa manoma iri, mu nuna musu inda ya dace a shuka.

Shekarar gero ya ƙone tun bai fid da kai ba. Rijiya ɗaya ta rage da ruwa, ƙarƙashin wata babbar tsamiya, aka ce a yi lambun rani a wurin. Shugabana ya ba ni irin tumatir da tattasai, ya ce kada in dawo masa da ko ƙwaya.

Ina isa na tarar da maza riƙe da gatura. Sarkin Noma ya ce, "Malam, tumatir ba ya yi cikin inuwa. Wanga icce yau za shi ƙasa."

Wata tsohuwa, Inna Hajo, wadda marigayi mijinta ya gina rijiyar, tana zaune jingine da gindin tsamiyar. Ta ce, "Ku fara da ni. In kun sare ta rana ta shanye ruwan, mi jikokina za su sha?"

'Ya'yanta suka tsaya bayanta da sanduna. Kowa da gaskiyarsa, kuma ruwan bai isa a gwada sau biyu ba.

Na roƙi a bar ni in zaga. Na duba inda rana ke sauka da hantsi, da inda ba ta leƙawa. Na dawo na ce, "Abin da ake cin 'ya'yansa rana yake so. Abin da ake cin ganyensa yana haƙuri da inuwa. Tumatir ya koma can fili, a riƙa ɗebo masa ruwa. Nan ƙarƙashi alayyafo da lalo da salak. Rassan gabas kawai za a rage."

Sarkin Noma ya daɗe yana kallona. "In bai yi ba fa?"

"Ni za ku tuhuma."

Ya juya ga tsohuwar. "Inna, tashi ki nuna muna reshen da kin yarda."

Rabin tumatirin ya mutu, na sha faɗa a ofis. Amma ganye ya yi, gidaje suka samu na miya da na kwaɗo har ruwa ya sauka.

Shi ya sa nake gaya wa sababbin ma'aikata, zaɓen iri ba shi da wuya. Wuyar ita ce ka faɗe shi gaban masu yunwa, gatari a hannu, kowa ya koma gida da mutuncinsa.