Ɗan Hayan Iya Halima Na Uku

Mainasara Ɗanbaba mutumin Malumfashi ne, amma in ka tambaye shi daga ina yake sai ya ce maka Minsk. Shekara shida ya yi a Tarayyar Sobiyet yana karatun injin tarakta. Ya dawo da takardar shaida da hular gashi da ɗan tsiron gemu, kuma ni dai ban taɓa ganin ya ɗaure ko noti ɗaya ba. Baki ne sana'arsa. Da bakin ya samu aikin jarida a Kaduna, da bakin ya jawo wa kansa sojoji, har ta kai shi ga tsallakowa Landan a 1984. Kwamared muke ce masa, shi kuwa yana amsawa kamar sarautar gidansu ce.

Ni Murja, shekara guda bayan zuwansa na same shi a wani ɗan kamfani da ke bayan tashar Waterloo. Labaran duniya muke juyawa zuwa Hausa, mu naɗa a kaset, a aika wa gidajen rediyon gida duk mako. Shi ke fassara, ni ke karantawa, Abukari mutumin Kumasi ke kula da na'ura. Kwamared ɗin ne kuma ya samo mini ɗaki a gidan da yake haya a Catford, kuma wannan alheri ba na mantawa da shi, duk da abin da zan faɗa a kansa.

Mai gidan tsohuwa ce 'yar Poland, sunanta Halina, mu kuwa muka mayar da ita Iya Halima ba ta ce uffan ba. A lokacin da masu gidaje ke rufe ƙofa da sun hango baƙar fata, ita nema take yi, domin a Afirka ta zama mutum. Tana 'yar shekara goma sha bakwai Rashawa suka loda ta a jirgin ƙasa ita da uwarta zuwa Kazakistan. Can uwar ta mutu. Ita ta fita ta Iran, ta yi shekara shida a sansanin 'yan gudun hijira a Tanganyika, sannan ta zo Ingila ta tsufa a kan keken ɗinki.

Ubanta likita ne, hafsan soja. Rashawa suka kama shi a 1939, farkon yaƙin duniya, tare da dubban irinsa. Daga sansani yakan aiko musu da kati ta gidan waya, na ƙarshe kuwa da hatimin watan Maris na 1940. Daga nan shiru. Katin nan a cikin kalmasar rigarta ta ɗinke shi, ya zaga rabin duniya da ita. A 1943 Jamusawa suka tone ramuka a wani daji na ƙasar Rashawa da ake kira Katin suka samu gawarwakin hafsoshin, kowa da harsashi a ƙeya, sunan ubanta na cikin jerin. Jamusawa suka ce Rashawa ne. Rashawa suka ce ƙarya ne, Jamusawa ne suka yi a 1941, bayan sun ci yankin. Duk gardamar a kan shekara ɗaya take. In a 1940 ne, dajin yana hannun Mosko, in kuwa a 1941 ne, yana hannun Jamus.

To sai Allah ya haɗa wannan mata da Kwamared a gida ɗaya, ya kuma sa mata ƙaunarsa. Ba ta haihu ba, mijinta ya rasu. "Ɗana" take ce masa. Ita ta koyi tuƙa tuwo da garin semolina saboda shi. Ita ta raka shi Croydon da sanyin asuba ta bi layin biza da shi, da filas ɗin shayi a jaka, ta ce wa ma'aikacin ita ce uwarsa a ƙasar nan. Abu ɗaya tak take so daga gare shi, ya yarda da wanda ya kashe ubanta. Shi kuma abin da ya hana ta ke nan.

Hujjarsa wani hoto ne. Ga shi tsaye cikin kwat, bayansa ginshiƙai masu ƙararrawa, a bayan hoton ya rubuta da hannunsa: Katin, 1974. Sai ya zaro shi daga walat ya ajiye a teburin cin abinci.

"Iya, gani ya kori ji. Da ƙafata na taka wurin nan. Jamusawa ne suka yi, na ga mutum-mutumin tsohon da ya tsira."

Bai yi ƙarya ba, ya je. Sai dai ba can ba ne. Akwai wani ƙauye kusa da Minsk da 'yan mamayar Jamus suka ƙone da mutanensa a ciki, kuma nan ake kwasar ɗalibai baƙi a kai su yawon buɗe ido. Sunan ƙauyen da wani harafi yake farawa mai fita daga maƙogwaro kamar kaki, sunan dajin kuwa da harafin ka zalla, tsakaninsu tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita. A rubutun Hausa duk biyun Katin ne. Iya ta faɗa masa, ta ɗauko taswira ta ɗora masa yatsa a kai. Ya yi murmushin nan nasa na wanda ya fi kowa karatu, ya ce mini da Hausa, a gabanta, "Tsufa ne, ƙanwata, a bi ta a hankali." Mutum ya yi shekara shida yana jin Rashanci amma kunnensa ya kasa raba harafi biyu! Wannan ba kurumta ba ce, kunnen ƙashi ne.

Na san abin da ke cinsa, kada a ce ban yi masa adalci ba. Ɗan majemi ne, ya tashi yara na toshe hanci in ya zauna kusa da su a aji. Mutanen Minsk ne suka fara miƙa masa hannu, suka ba shi kwat da gado da littafi. Ya taɓa ce mini in ya zage su kamar ya zagi nonon da ya sha ne. Na ce masa to ai Iya ma ta ba ka tuwo.

Akwai wata ɗabi'a tasa da ta zama abin dariyar gidan. In kofi ya suɓuce masa sai ya ce, "An fasa kofi." In ya bar famfo a buɗe, "An bar ruwa na zuba." Wata rana Iya ta tare ni a kicin ta ce wai wane ne wannan An da take ta jin sunansa. Na yi mata bayani cewa 'yar kalma ce da muke sa wa a gaba in ba a san mai aikin ba, ko an san shi ba a son faɗa. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ashe 'yan haya uku gare ta, ni da Mainasara da Mista An, kuma Mista An ya fi mu ɓarna.

Da abubuwa suka fara sassautawa a Mosko, jaridun can da kansu suka soma taɓa maganar dajin, sai Kwamared ya ja da baya a hankali kamar kunkuru. Hoton ya daina fitowa daga walat. Jamusawa suka ɓace daga bakinsa. Da labarin ya shigo mana ofis sai ya rubuta mini in karanta: an kashe fursunoni, an binne su, ana ta gardama. Hausa ta ba shi bargo ya lulluɓa. Ba shi kaɗai ba ne kuma, manyan ƙasar da muke zaune ma sun daɗe suna irin wannan kwana-kwana da nasu Turancin.

Duk shekara yana raka ta maƙabartar Gunnersbury, inda 'yan Poland suka kafa wani dogon baƙin dutse da aka sassaƙa 1940 a jikinsa. Shi ke riƙe mata jaka, shi ke riƙe lema. Tana kunna kyandir, shi yana kallon motocin da ke wucewa a titi. Sau ɗaya ta ce ya karanta mata lambar da ke jikin dutsen. Ya ce dutse ai abin da aka sassaƙa masa yake faɗa.

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Ranar Juma'a, sha uku ga Afrilu, 1990, muna cikin azumi, hutun Ista ya kama amma mu muna ofis domin kaset zai tashi washegari. Da rana labari ya shigo: gwamnatin Sobiyet da bakinta ta amsa cewa 'yan sandan cikinta ne suka kashe fursunonin. Na ga Kwamared ya karanta takardar sau uku. Ya zauna ya buga, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Abin da ya rubuta shi ne: an amsa cewa an yi kuskure a lokacin yaƙi.

"Yaya Mainasara, mene ne wannan? Su da kansu sun yi admitting, kai kana kare su? Ka fi mai kora shafawa ke nan."

"Ki karanta yadda yake. Ba a yi confirming details ba tukuna."

"Wallahi ba zan yi recording wannan ba, ko za a yi cancel ɗin shirin gaba ɗaya."

Abukari ya cire abin kunnensa ya ce, "Kwamared, wannan tsohuwa ya fi ka gaskiya tun tuni. Ka faɗi kawai, ba wanda zai mutu."

Na ɗauki biro na gyara da hannuna, na sa sunan masu aikin, na karanta. Bai hana ni ba, bai kuma taya ni ba. A jirgin komawa gida na ce masa wancan na rediyo ne, ya wuce, amma akwai mai jiransa a gida, ya shirya bakinsa.

Mun tarar ta shirya mana buɗa-baki, dabino da miyar kifi, ita ma ranar azuminsu ce. Ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci. Ta ji labarin tun da rana. Na zaci za ta yi masa gori, domin da ni ce sai na kwana ina yi. Ba ta yi ba. Ta jira muka sha ruwa muka yi salla, sannan ta ɗauko katin nan, ya yi launin ƙasa, gefensa duk ya cinye, ta ajiye a gabansa daidai inda yakan ajiye hotonsa.

Ta ce, "Ɗana, shekara hamsin ina jira. Yau sun faɗa da Rashanci, an faɗa da Turanci. Ina so in ji da harshenka, a teburina. Wa ya kashe babana?"

Ya dubi katin, ya dubi kwanon miya. Na taka masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Kalma biyu ce fa, ko yaron goye zai iya. Ya buɗe baki ya ce da Hausa, murya can ƙasa, "An zalunce shi, Iya. An yi ba daidai ba."

Hausarta ba ta kai cikin cokali ba, amma wannan kalma ta san ta. Ta ɗan gyaɗa kai ta ce, "Yau ma Mista An ne." Ta ɗauke katinta ta hau sama. Ni kuwa takaici ya hana ni cin abincin, na ji kamar in kifa masa miyar a ka.

Ba ta kore shi ba. Ta ci gaba da tuƙa tuwo, tana karɓar masa wasiƙu. Amma daga ranar ya tashi daga ɗana ya koma Mista Ɗanbaba, kuma ranar zuwa wajen dutse ni take kira in riƙe jaka. Ya ji abin, na ga ya rame. Kullum in na matsa masa sai ya ce, "Za a yi magana, ƙanwata, a bari ta huce." Sobiyet ɗin ma ta rushe, tutarta ta sauka, Kwamared na nan yana jiran a yi magana. Shekara biyu da rabi yana wuce ƙofar ɗakinta safe da yamma, taku uku ne daga matakala.

A watan Nuwamba na 1992 ta faɗi a kicin, kwana huɗu a asibiti ba ta farfaɗo ba. Aka binne ta a Gunnersbury, ana hango baƙin dutsen daga kabarinta, katin kuma a cikin akwatin kamar yadda ta yi wasiyya. Kwamared ya yi kuka har tsofaffin 'yan Poland suna tambayata ko ɗan riƙonta ne. Ban ba shi haƙuri ba. Ihu bayan hari ai ba ya dawo da shanu.

Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a Acton Town, yana riƙe da lemarta da ya ɗauko daga gida ba a ko yi ruwa ba. Ya daɗe yana murza hannun lemar, sannan ya ce, "Murja, an cuci matar nan."

Na ce, "Wa?"

Muka wuce tasha uku, aka shiga aka fita. Sai da jirgin ya tsaya a Hammersmith, ƙofa ta buɗe, ya ce, "Ni."

Shekara bakwai na san shi, ranar na fara jin kalmar a bakinsa ba a wajen yabon kai ba. Ya faɗe ta daidai, ba gyara. Sai dai ni ya faɗa wa, ni kuwa ba ubana aka kashe ba.