Sarƙar da Aka Gasa a Banda

Ina tsaye bakin banda ina juya tarwaɗa sai ga Balki 'yar maƙwabciyata ta shigo ba sallama, ta kama ƙyaure ta tsaya. Na ce, "Innarki ce?" Ta gyaɗa kai. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya Kulu, maƙwabciyata a Yelwa, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ta riga mu gidan gaskiya. Ranar kifina ya ƙone ƙurmus, ban kuma damu ba.

Duk mai zuwa gaisuwa yana yabon haƙurinta. Ni da na zauna da ita zan faɗi gaskiya: Yaya Kulu ba ta da haƙuri da mutane ko kaɗan. Haƙurinta kaf a kan aikin hannu ya ƙare.

Sana'arta shirya duwatsun wuya. Ba a daɗe da raba jiharmu da Sakkwato ba, wata Baturiya mai sayen kayanta, wadda mijinta ke aikin kifi a bakin tafki, ta tashi komawa ƙasarsu. Ta bar mata kwali cike da wani abu dunƙule-dunƙule, ja da shuɗi da ruwan ƙwai, mai laushi kamar nakiya. Ta yi dogon bayani da Turanci, Yaya Kulu na ta cewa "to, to", alhali ko kalma ɗaya ba ta ji ba. Mijinta Malam Garba ya ɗauka alewa ce, ya gatsi jan, ya wuni yana tofar da yawu. Ita kuwa ta murza shi a tafin hannu, ta ga yana bin yatsa, ta raɗa masa suna yumɓun Bature.

Ta zauna tana murɗa launi cikin launi, har kowane dutse ya fito da zane kamar igiyar ruwa. Ta shanya a rana, sati ya bi sati, abu ya ƙi bushewa. Ta jefa wasu a wuta yadda ake gasa tukunya, baƙin hayaƙi ya tashi, kajin gidan suka yi ƙaura zuwa nawa. Matan unguwa suka sami abin yi: wai Kulu ta tsufa ta koma wasan laka. Wannan magana ta ci mata rai ƙwarai. "Ni ba wasa nike ba," in ji ta, "aiki nike." A gabansu ta rantse Balki za ta shiga ɗakin miji da sarƙar yumɓun nan a wuya. Biki na matsowa, yumɓu na raguwa, sunanta kuma na bakin mata.

Wata safiya ta leƙo ta katanga.

"Hajo, wagga banda taki, zafinta na ƙona kifi?"

"Haba Yaya! Kin taɓa ganin na ƙona kifi?"

"To matsa mini."

Ta jera duwatsunta a faranti, ta ajiye tsakiyar tarwaɗa, ta tsare wutar kamar mai jinya. Da suka huce, wallahi sun yi ƙarfi, suna sheƙi, launinsu bai dishe ba. Muka yi ta guɗa mu biyu. Abin da ba mu sani ba shi ne, ni da ita hancinmu ya daɗe da mutuwa a hayaƙin banda.

Aka kai amarya garin Wara, Yaya Kulu ta nace ta biyo mu, duk da uwa ba ta rakiyar amarya. Balki na zaune a ɗaki, sarƙa a wuya, mata na salati saboda kyau. Sai ga kyanwa ta shigo, ta ratsa jama'a, ta haye cinyar amarya. Aka kore ta, ta dawo da 'yar uwarta. Mata suka fara ɗaga hanci, wata ta ce wa ya shigo da kayan miya ɗakin amarya? Na dubi Yaya Kulu, ita ma ta dube ni. Ni kam ƙofa nake nema.

Uwar ango, Hajiya Tumba, babbar dillaliyar kifi ce a Wara. Ta sunkuya, ta kama dutse ɗaya, ta shinshina, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Tarwaɗa ce, da itacen ƙirya. Aikin wa ne wanga?"

Yaya Kulu ta miƙe. "Nawa ne."

"Na sa zinari, na sa murjani," in ji Hajiya, "ban taɓa ganin sarƙar da ta san gidan da za ta ba sai yau. A yi mini irinta, kada kuma a rage ƙamshin."

Kalmar "aiki" kaɗai Yaya Kulu ta ji. Duk hanyar komawa Yelwa ita take maimaita mini. Masu yi mata dariya suka dawo neman 'yan kunne, ba ta kuma sassauta wa kowa ba. "Mi kika zo nema, wasan laka?" Sai mace ta ce aiki ne kafin a ba ta tabarma.

Bayan sadakar uku Balki ta kawo mini wani ɗan gwangwani. Ragowar yumɓun ne na ƙarshe, dutse ɗaya da ciwo ya hana ta gasawa. Har yanzu da laushinsa, don shi ba ya bushewa da kansa, ga kuma shatin babban yatsanta a jiki. Balki ta ce, "Inna ta ce ke za ki gasa, wai ba ki ƙona kifi." Na sa shi tsakiyar tarwaɗa, na tsare wutar yadda take yi, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Shatin yatsan ya zauna daram.

Allah ya jiƙan Yaya Kulu, ya yafe mata kurakuranta har da zafin bakin nan, ya haskaka kabarinta. Allah ya ba Malam Garba da Balki da 'ya'yanta haƙurin rashi, ni ma ya ba ni. Ya sa ta shaƙi ƙamshin Aljanna, wanda ya fi na bandata. Amin.