Gilashin Baba Kar-a-taɓa

Ni ce na miƙa mukullin. Gara in faɗi wannan tun da wuri, kada in cika ku da zagin wasu alhali ni ma da hannuna a ciki. Shekara goma sha tara ina buga takardu a ofishin makarantar nan, teburina dab da ƙofar shugaba, kuma mukullan ajiya duka a aljihun teburina suke zama.

Mutumin da zan ba ku labarinsa shi ne mai kula da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Ba malami ba ne, bai kuma taɓa cewa shi malami ba ne. Aikinsa wanke kwalabe, jera ma'aunai, kulle sinadarai, da share fasasshen gilashi in yara sun yi ɓarna. Yaran ne suka sa masa Baba Kar-a-taɓa, don maganar da ta fi yawa a bakinsa ke nan. Sunan ya bi shi har matarsa ma in ta zo da saƙo sai ta leƙo ofishina ta ce, "Ina Kar-a-taɓan naku yake?"

A kusurwar ɗakin akwai doguwar akwatin katako, cikinta na'urar hangen taurari. Farin bututu ne mai tsawon hannu biyu, irin mai gilashi a baki, ba mai madubi a gindi ba. Faɗin gilashin bai wuce farantin kofin shayi ba, amma Baba ya ce duk darajar na'urar a nan take, sauran ƙarfe ne kawai. Wani tsohon malamin kimiyya ne ya bar wa makarantar ita da zai yi ritaya. Kafin ya tafi ya zaunar da Baba wata uku yana koya masa, a gaban kowa kuma ya ce masa, "Na ba ka amana. Yadda ka karɓa, haka za ka miƙa." Baba ya riƙe maganar nan shekara ashirin da biyu, har ya rage masa wata biyar shi ma ya ajiye aiki.

Yadda yake kula da ita sai wanda ya gani. Duk yammacin Juma'a yakan fito da ita filin wasa don yara su leƙa wata aji-aji, tun rana ba ta gama faɗuwa ba, murfi a rufe, ya ce sai ta huce ta yi daidai da iskar waje, in ba haka ba wata zai riƙa rawa a ciki. In raɓa ta sauka a gilashin ba ya gogewa kuma ba ya rufewa. Sai ya shigar da ita ɗaki, ya sunkuyar da bakin, ya zauna a kujera yana gyangyaɗi har ta bushe da kanta. 'Yan ƙullin nan masu shanye danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi kuwa, babu malamin da bai roƙa ba. Ƙura ta hau gilashin, sai ya hure da 'yar robar busa iska. Wankewa sau ɗaya a shekara biyu, da auduga da ɗigon ruwa na musamman, shafa ɗaya ya yar da audugar ya ɗauki wata.

Daga baya ya samu tsohuwar kyamara ya ɗaura a gindin bututun. Yakan ɗauki hoto ɗari na abu ɗaya, malamin kwamfuta ya haɗa masa su su zama guda mai kyau. Bangon ɗakin ya cika da ramukan wata, da tauraron Mushtari da 'yan watanninsa huɗu a jere, da tauraron Zuhal da zobensa. Kowane hoto da kwanan wata a bayansa, da fensir. Na taɓa tsokanarsa na ce 'ya'yansa ma ba su da hotuna masu yawa haka. Ya ce ai su ba sa tsayawa wuri ɗaya.

Sai aka kawo mana sabon shugaba, mutum mai son ƙyalli. Cikin wata guda an yi wa duwatsun bakin hanya farin fenti, an goge kofunan gasa, an sayi labule, ɗakin karatu kuwa yana nan yana yoyo. Da aka ce masu duba makarantu za su zo, sai ya zaga ɗakuna ina bin sa da littafi. A ɗakin gwaji ya sa aka buɗe akwatin, aka cire murfin, ya haska fitilar wayarsa.

"Wannan wace irin ƙazanta ce?"

"Ranka ya daɗe, 'yar ƙura ce," in ji Baba. "Ba ta hana gani. Goge-goge ne ke kashe gilashi."

"Shuɗin nan fa da ya dafe a kai?"

"Ba dauɗa ba ce, yallaɓai. Shafi ne da aka yi masa tun daga masana'anta, don haske ya shige sosai. In ya tafi ba ya dawowa."

Shugaba ya dube ni yana murmushi, wai in taya shi jin sabon salon lalaci. Ya ce wa Baba ya ga ma'aikata iri-iri, amma bai taɓa ganin wanda ya mai da ƙin wanke abu ilimi ba. Baba ya ce ya yi haƙuri, komai zai goge har silin, amma ban da wannan. A gaban yara ya faɗa, kuma abin da shugaba bai yafe ba ke nan. Da rana ya sa na buga wa Baba takardar tuhuma kan ƙin bin umarni. Na buga, har na gyara masa kuskuren rubutu.

Ana jibi baƙi za su zo, 'yar Baba ta haihu da wahala, ya nemi izinin kwana ɗaya ya tafi asibiti. Ko awa biyu bai yi da fita ba shugaba ya tsaya a kaina ya ce, "Sakatariya, mukullin ɗakin gwaji." Na san abin da zai yi. Ina tsaye a wurin lokacin da Baba ke bayani, babu kalmar da ta wuce ni. Amma na tuna yarana uku da takardar tuhumar da na buga jiya-jiya, sai na ja aljihun tebur na miƙa masa.

Mai shara ya sa, baiwar Allah da ba ta san hawa ba ta san sauka ba. Ta fesa ruwan wanke taga, ta dirje da jarida. Ƙura ta fita, shuɗin ya ƙi. Shugaba ya ce ta ƙara ƙarfi. Da ya ƙi dai, sai ta ɗauko garin da ake cuɗa tukwane da shi a kicin, ta sa soso. Shi da kansa ya riƙe mata bututun. Da suka gama ya kira ni in ga aiki, yana cewa, "To, ina wahalar take?" Gilashin ya yi fari tas, sai guntun shuɗi a gefe-gefe, in ka karkata shi ga haske kuma duk zane ne zagaye-zagaye kamar gindin tsohuwar tukunya.

Washegari Baba ya dawo da fara'arsa, an samu jika, uwa ta farfaɗo. Ya tsaya teburina ya ce, "'Yata, Allah ya yi, mace aka samu." Na yi masa barka ban iya ɗaga kai ba. Na bi shi a baya har ɗakin gwaji. Ya ga akwatin ba yadda ya bar ta ba, ya cire murfin, ya kai gilashin bakin taga. Ya daɗe yana juya shi. Ni so nake ya yi ihu, ya fasa kwalba, ya je ya shaƙe wuyan rigar mutumin nan. Bai yi ko ɗaya ba. Ya tambaye ni da me aka wanke, na faɗa masa. Ya tambaye ni wa ya buɗe ɗakin.

"Ni na ba da mukullin, Baba."

"To," ya ce. "Ke ma aiki kike."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Har yau in na tuna "to" ɗin nan raina ɓaci yake, da shi da haƙurinsa, da ni da tsorona.

Baƙi suka zo. An kafa na'urar a tsakiyar ɗaki tana walƙiya, an ɗaura mata jan kirtani a gefe. Suka yi hoto da ita, suka yaba wa shugaba kan kula da kayan aiki, babbansu har ya rubuta a littafin baƙi cewa sauran makarantu su yi koyi. Mutum bakwai ne, da digirinsu da komai, babu ko ɗaya da ya ce bari in leƙa. Shugaba ya nuna musu hotunan bango yana cewa "aikin da muke yi ke nan". Baba yana tsaye a bakin ƙofa riƙe da tiren ruwa.

Malamin kwamfuta ya bincika ko ana gyarawa. Aka ce sai dai sabon gilashi, irin nata kuma an daina yi. Da maganar ta kai kunnen shugaba, sai borin kunya ya tashi. Ya kira ni ya ce in buga rahoto cewa na'urar ta lalace saboda shekaru da aka yi ba a tsabtace ta. Wannan karon na ce injina ya samu matsala. Ya ce in yi amfani da nasa. Na ce hannuna ne ke ciwo. Ya dube ni, na dube shi, ya buga abinsa da yatsa biyu, ya sa a fayil ɗin Baba. Kada ku yaba min, ihu ne bayan hari.

Juma'ar da ta biyo baya na ɗauka Baba ba zai fito da ita ba. Ya fito. Layin 'yan aji ɗaya ne, yara talatin da tun farkon zango ake gaya musu ranarsu na zuwa, ya ce ba zai sallame su haka ba. Na tsaya ban tafi gida ba. Bayan magariba wata ya fito rabi, irin wanda Baba ya fi so don inuwar ramukan ta fi fitowa. Ya saita, ya leƙa, ya murɗa, ya sake murɗawa, sannan ya matsa ya ce in duba. Na sha ganin watan nan ta cikin bututun, kaifi kamar ka sa hannu ka taɓa duwatsunsa. Yau hazo ne ya lulluɓe shi, haske ya bazu ko'ina, ramukan sun zama tabo-tabo.

Ta farko a layi wata 'yar ƙaramar yarinya ce, sai da ta hau bulo. Ta rufe ido ɗaya da hannu, ta leƙa. Can ta ɗago tana dariya.

"Baba, ya yi kyau. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba."

Da gaske take, ba ladabi ba ne. Ta sauka da gudu tana gaya wa na bayanta, su ma suna ta tsalle. Babu wanda zai gaya musu abin da aka cuɗe da soso kafin layi ya zo kansu, kuma ba za su taɓa nema ba tunda ba su san akwai shi ba.

Baba ya juya musu baya ya goge fuskarsa da hannun riga. Sannan ya gyara bulon da ƙafa ya ce, "Na gaba."