Na Ɗauke wa Inna Kaskonta

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. A garinmu uwa tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, balle ta roƙe shi wani abu. Idan tana son tsintsiya sai ta dubi ƙanwata ta ce, "Ce wa waccan ta miƙo tsintsiya," alhali ina tsaye a gabanta. Da ina yarinya abin yana ba ni haushi. Da na girma sai na mai da shi abin tsokana, in zauna dab da ita da gangan, ita kuwa ta juya fuska tana ƙunshe dariya.

Bayan rasuwar Baba na ɗauko ta zuwa gidana a Kurmin Mashi don a duba mata ciwon gwiwa. Mijina yana aiki a wani gari, yara suna makarantar kwana, ni kuma ƙarfe bakwai na fita ofis a Doka. Allah ya haɗa ta da maƙwabciyata, wata malamar firamare mai ritaya, Kirista 'yar kudancin Kaduna. Malama muke ce mata. Ita ta zama tafinta tsakanina da uwata. "Mama ta ce tuwon jiya ya yi ruwa," haka za ta shigo ta faɗa mini, Inna tana zaune a gefe kamar ba da ita ake ba.

Sanyin wannan shekarar ya zo da ƙarfinsa. Da safe ruwan randa sai ka ce daga firji aka ɗebo, masu shayi a bakin titi suna kewaye da wuta hannu a hammata. Inna ta zo da kaskonta na ƙasa tun daga gida, naɗe a cikin tsumma. Takan zuba garwashi, ta rufe da toka, ta zauna a kujera 'yar tsugunno ta ja shi ƙarƙashin zaninta. Ni kuwa ma'aikaciyar gwamnati, wadda ta san komai, na sha jin labarin mutanen da suka rufe ɗaki da gawayi aka wayi gari babu su. Ranar da na ga ƙonar garwashi a gefen zaninta, faɗin tafin hannu, raina ya tashi. Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗauke kaskon na kulle a sito, na sayo hitar lantarki mai tsada na jona mata, na ƙara da barguna biyu da safa.

Na tsaya a bakin ƙofa na yi mata bayani dalla-dalla, kamar ina karanta takardar sanarwa. Ta dubi bango ta ce, "Allah ya yi albarka." Na ɗauka an gama.

Kwana huɗu da haka taransifomar layinmu ta ƙone. Hita ta koma kayan ado. Na dai ce a raina ai ga barguna, kuma gobe ko jibi za a gyara. Gobe ta zama mako, mako ya zama biyu. Kullum kafin in fita nakan leƙa in ce, "Inna, da sanyi?" Takan ce, "Lafiya lau." Ni da na fi kowa sanin ba za ta taɓa ce mini wani abu ban da haka ba, na karɓi amsar saboda ta yi mini daɗi, na ɗauki jakata na tafi.

Abin da ban sani ba shi ne, kaskon nan ba na ɗumama ƙafa kaɗai ba ne. A kansa take ɗora butar ƙarfe ta zafafa ruwan alwala, a kansa take ɗumama ɗan ruwan wanka. Risho da gas duk tsoronsu take ji, ba ta taɓa kunna su ba. Tun da na ɗauke shi, da ruwan randa take alwalar asuba, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya. Na kwana da ita gida ɗaya duk kwanakin nan ban taɓa tambayar kaina da wane ruwa take sallah ba.

Tari ya fara, na sayo magani a kemis. Ranar wata Laraba Malama ta kira ni ina ofis, ta ce in zo yanzu, numfashin Mama ya canza. Muka kai ta asibiti. Likita ya ce sanyi ya kama mata huhu, ya tambaya me ya sa muka jima ba mu kawo ta ba. 

A barandar asibitin Malama ta riƙe hannuna ta faɗa mini sauran. Ta ce tun kwana na biyu da lalacewar wuta ta kawo wa Inna nata kaskon, da garwashi a ciki. Inna ta ce ta mayar.

"Na ce, Mama, to bari in gaya mata ta fito miki da naki. Sai ta kama mini zani. Ta ce, 'Kada ki kuskura. Ta kashe kuɗinta don ni. In ta ga wuta a ɗakin nan za ta ce na raina abin da ta yi.' Ta sa na rantse. Ki yafe mini, 'yar'uwa, da na sani da na karya rantsuwar."

Duk saƙon da Inna ta taɓa aiko mini ta bakin Malama, na tuwo da na gishiri, ya iso. Wannan kaɗai ta hana. Ban ga laifin Malama ba, har yau ban gani ba. Kaina nake tuhuma, kuma babu ranar da na daina.

Ta yi kwana uku a kan gado da robar iska a hanci. A rana ta uku da hantsi ta buɗe ido sosai, har na yi murna na ce sauƙi ya samu. Na fito daga gida a gigice da asuba, da 'yar riga mara nauyi da mayafi, ina zaune a bakin gadon ina karkarwa ban ma lura ba. Na matsa kusa na ce, "Inna, ki yafe mini. Ni na jawo." Ina so ta dube ni sau ɗaya, ta yi mini faɗa, ta ce wani abu da bakinta zuwa kunnena.

Ba ta dube ni ba. Ta juya ido wajen nas ɗin da ke gyara mata ƙarin ruwa, ta yi mata alama ta sunkuyo. Muryar ta yi ƙasa ƙwarai, amma na ji.

"Ki ce wa yarinyar nan ta sa rigar sanyi."

Kafin azahar, Inna ta cika.