Kawu Gargaɗi da Manhajar 'Yan Waje

Ƙanin mahaifiyata tela ne, amma ba ɗinki ne ya fito da shi ba. Ɗinkinsa ma in ka kai masa yadi, sai ka manta kalarsa kafin ka karɓa. Abin da Allah ya hore wa Kawu shi ne baki.

Wata rana wani mai kaya ya zo karɓar wandonsa, ya tarar ko yankawa ba a yi ba. Don ya kawar da zancen, sai Kawu ya hau faɗa a kan manhajar bidiyon nan ta 'yan ƙasar waje da kowa ke latsawa.

"Saurarenmu suke yi!" in ji shi, yana kaɗa almakashi. "Ko tari ka yi a ɗakinka, yana ajiye a wurinsu!"

Mai wando ya ɗauke shi a waya, ya ɗora a manhajar don ya huce haushi. Kafin mako ya zagayo, har direbobin haya sun haddace maganar. Aka sa masa suna Kawu Gargaɗi.

Maimakon ya ji kunya, sai ya buɗe nasa shafin. Ya sayar da ɗaya daga cikin kekunan ɗinkinsa biyu ya sayi babbar waya da fitila mai zobe irin ta masu ɗaukar bidiyo. Kullum da hantsi zai jingina wayar da gwangwanin maɓallai, ya gyara wuyan riga, ya roƙi gwamnati ta rufe manhajar, sannan ya ce jama'a su danna masa alamar so.

Matarsa ta tambaye shi, "Baban yara, wai wane sirri gare ka da 'yan waje za su sata? Ko wandon da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo?"

"Ke ba ki san harkar tsaro ba," ya ce.

Ana haka sai wani babban jami'i ya fito ya ce gwamnati ta damu da inda bayanan jama'a ke zuwa, kuma tana duba yiwuwar rufe manhajar. A cikin manhajar ya yi sanarwar, don a can mutane suke.

Maƙwabta suka cika shagon. Mai shagon caji ya rungume shi. "Kawu, an ji kukanka a sama!"

Ina wurin. Kawu ya yi murmushi irin na wanda allura ta soka a gaban surukai. Da suka watse ya ja ni gefe.

"Ɗan nan, in an rufe, mabiyan nawa ina za su?"

"Gidajensu, Kawu."

Washegari ya fito da sabon bidiyo, murya a sanyaye. Ya ce gaggawa ba ta da kyau, kuma 'yan wajen nan ma ai mutane ne, suna da iyali. Mabiyansa ba su yi masa da sauƙi ba. Suka haɗa tsohon bidiyo da sabo gefe da gefe, Kawu na hagu yana kumfar baki, Kawu na dama yana ba shi haƙuri. Wannan ya fi duk abin da ya taɓa yi yawo. Kawu ya daina bin babban titi, sai lunguna.

Gwamnati kuwa ta kafa kwamiti. Kwamitin ya tafi ƙasar masu manhajar don gani da ido, ya dawo da akwatuna, har yau ba a ji rahotonsa ba. Manhajar tana nan daram.

Yanzu wani mai facin taya da ke tsallaken titi ne ya gaji kujerar Kawu. Shi ke zagin manhajar a cikin manhajar, kuma an fi binsa. Kawu yakan kalli bidiyonsa a ɓoye bayan keke, ya rage muryar wayar, ya ja tsaki.

"Dubi yadda ya tsaya. Ko hasken bai iya saitawa ba."