Tudun da Sule ya zaɓa

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin ƙiyasi, ban taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban alƙali a Kurfi na ce wani abu ba shi da daraja ba, maganata kuma ta zama ita ce ta tsadantar da shi.

Lokacin ana dab da samun mulkin kai. Ni ƙaramin mai ƙiyasi ne a ofishin ƙasa da safiyo, ina zaune a Dutsin-Ma. Ga waɗanda ba su san aikin ba, mai ƙiyasi shi ake kira idan za a biya diyyar gona ko za a raba gado, ya duba ƙasa da itatuwa da gini ya faɗi kimarsu. Abin da ke bisa ƙasa kaɗai muke yi wa kima. Abin da ke ƙarƙashi, kuza ne ko zinariya ko man fetur, doka ta ce na gwamnati ne. Ko a tsakar gidan mutum aka same shi, diyyar shuka da itatuwa kawai za a ba shi, a ce ya tashi.

A shekarun nan labarin man da aka samu a kudu ya cika ƙasa. Sai ga shi an gina sabuwar rijiyar siminti a Ɗantutture, a gefen gandun wani dattijo da bai daɗe da rasuwa ba. Da aka fara jan ruwa sai aka ga maiƙo yana yawo a kansa mai launi-launi, ga wari irin na tashar mota. Kafin kasuwa ta zagayo, har Shema da Kutawa an ji cewa mai ya ɓullo a Ɗantutture.

Marigayin ya bar 'ya'ya maza biyu, Jibo babba da ƙanensa Sule. Bayan an fitar da rabon mata, abin da ya rage musu shi ne garken shanu, da fadama mai kyau, da wani tudu mai tsakuwa wanda ko gero da ƙyar yake yi. A kan tudun nan rijiyar take. Jibo yana so su ci gaba da noma tare kamar yadda suke yi da ran mahaifinsu. Sule ya ce a raba, kuma tudu yake so. Alƙali ya aiko a turo mai ƙiyasi.

Na je na auna, na ɗebo ruwan a kwalba, na kai wa shugabana Malam Ɗahiru. Na roƙe shi a aika da shi Kaduna wurin masana duwatsu, a kuma nemi alƙali ya dakata har amsa ta zo. Ya ɗaga kwalbar ya shinshina ya ajiye.

"Malam Lawal, hadari ya fara haɗuwa. Kana so magada su kai damina ba su san inda za su yi shuka ba? Kwalba za ta tafi idan an sami mai zuwa. Kai dai je ka faɗi kimar tudu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba tudun suke rigima a kai ba."

Ya ce, "Mu tudu muka sani."

A hanyata ta zuwa Kurfi na bi ta wani ƙauye inda ma'aikatan da suka gina rijiyar Ɗantutture suke gina wata. Na tsaya shan ruwa, sai na ga suna shafa wa ƙarafan da ake zuba siminti a bayansu baƙin man mota, wanda aka juye daga inji, don kada siminti ya kama ƙarfe. Suna shafawa da tsumma, yana ɗiga cikin rami. Na shinshina tsumman. Warin kwalbata ne sak.

Saboda haka da na shiga gaban alƙali hankalina a kwance yake. Na ce, "Allah gafarta Malam, mai ƙiyasi yakan tambayi abu uku kafin ya sa wa ma'adinin da ba a haƙo ba kima. Akwai shi? In akwai, ya isa a kashe kuɗi a haƙo? In an haƙo, na wane ne? Na farko, ƙasarmu dutse ce tun daga sama har ƙasa, masana kuwa sun ce ba a irinta mai yake kwanciya ba, maiƙon nan kuma na ga inda ya fito da idona. Na biyu bai taso ba. Na uku, ko kogin mai ne a ƙarƙashi, ba na magada ba ne. Kimar tudun nan ba ta kai ta saniya biyu ba."

Ban gama rufe baki ba na ji 'yan kallo suna gunaguni a bakin zaure. Sule ya yi murmushi ya dubi wansa.

"Ka ji ko, Yaya? Yaushe ma'aikaci ya taɓa tahowa tun daga Dutsin-Ma don ya ce abu ba shi da amfani? Ranar jangali in sun ce saniyarka ramammiya ce, barin ta suke yi?"

Aka yi dariya. Jibo bai yi ba. Ya ce, "Sule, ka ji tsoron Allah. Tsakuwa za ka ba 'ya'yanka su ci? Ɗauki rabin shanu, ɗauki rabin fadama, tudun ma na bar maka kyauta."

A nan al'adar rabo ta shigo. A wurinmu wanda ya ɗauki kaso mai tsoka shi ke cika wa ɗan'uwansa, don kada a ce ya ci haƙƙi. Sule ya gaskata tudun ya fi komai, mutum ne kuma mai gudun abin kunya. Ya ce ba zai karɓi kyauta ba, gobe arziki ya zo a ce ya zalunci wansa, ko 'ya'yan Jibo su taso da ƙara. Ya bar wa Jibo shanu da fadama duka, a rubuta, a sa shaidu, kada kowa ya waiwayi kowa.

Alƙali ya tambaye shi ya sake tambaya, ya ce ya yarda. Na nemi izini na ƙara magana. Sule ya ce, "Malam, ka yi aikinka, an gode. Gaya wa waɗanda suka aiko ka ba mu sayarwa." Baligi ne mai hankali, sulhu kuma ya halatta. Aka shafa fatiha.

Kafin damina ta yi nisa maiƙon ya ƙare, ruwa ya koma garai. Amsar Kaduna ta iso bayan an gama girbi, layi biyu, man inji ne. Malam Ɗahiru ya karanta ya ce, "Ka ga, ashe daidai ka faɗa," ya jefa ta cikin akwati.

Bayan wasu shekaru aiki ya sake kai ni Ɗantutture. Rijiya ba a hana kowa ruwanta, don haka tudun ya zama mashaya, kofato ya daddaɓe shi, ko ciyawa ba ta fita. Na iske Sule a bakin rijiyar yana jan guga, yana shayar da garken Jibo, wanda yake yi wa kiwo ana ba shi hatsi. An ce Jibo ya sha kawo masa shanu ya ƙi karɓa, wai magana ta riga ta wuce gaban alƙali. Muka gaisa da Sule. Ya rage murya ya ce, "Malam, yanzu ai Turawa sun tafi. Tsakaninka da Allah, yaushe za a zo haƙa?"

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, an koya muku auna ƙasa da lissafin kima, kuma za ku iya. Abin da ba a koya mana ba shi ne, mutanen da muke yi wa ƙiyasi sun daɗe suna ganin ma'aikaci bai zo ba sai zai karɓi wani abu, har ya zama in mun ce babu, akwai suke ji. Ba Sule ya ƙirƙiro wannan zato ba, ofisoshinmu suka koya masa. Ƙiyasina na ranar nan bai kuskure ko kaɗan ba, kuma bai tsirar masa da ko ɗan maraƙi ba.