Igiyar Shanyar da Ba Ta Son Jiƙaƙƙen Kaya

Wata Asabar ce a Janairun 2014, ina shekara tara, aka ƙwanƙwasa mana ƙofa ana tsakiyar karin kumallo. Sufa ne, wato mai kula da gininmu a unguwar Mount Hope, can ƙasar waje, ya ce yana so ya leƙa ta tagar kicin. Na ga Baba ya ajiye kofin shayinsa a hankali, ni kuwa na san laifina ne ya kawo shi.

Baba direban tasi ne, mutumin Maraɗi, kuma ba shi da wani abin sha'awa a duniya sai rediyonsa na oba-oba. Ya yi jarrabawa ya sami lasisi, yana gaisawa da baƙi a ƙasashen da ko sunansu ban sani ba. To amma takardar haya ta hana kafa eriya, har an taɓa rubuto masa gargaɗi cewa in ya sake, sai mu nemi wani gidan. Shi ne ya murɗe siririyar wayar eriya cikin igiya, ya ja ta daga tagar kicin zuwa wani tsohon turken ƙarfe a bayan gini, ta koma igiyar shanya. Jiƙaƙƙen kaya na ɓata masa sauti, saboda haka busassu ake ratayawa, Inna kuma ta riƙa shanya wankinta na gaske a banɗaki tana mita. Aikina shi ne in sauya kayan duk bayan kwana biyu. "Ƙarya ma tana son kulawa," in ji Inna. Da sanyi ya tsananta sai na yi ƙyuya, na bar kaftanin Baba da zane biyu suna lilo har mako uku, dusar ƙanƙara na sauka a kansu.

Sufa ya buɗe taga ya shafa igiyar, ya bi ta da yatsa har inda wayar ta shige bayan firiji. Baba ya fara haɗa Turancinsa zai yi bayani, mutumin ya ɗaga masa hannu. Ni ya duba, ya ce, "'Yata, ba rigar da ke yin mako uku ba ta bushe ba. Ki riƙa sauyawa, mai gidan yana zagayowa." Ya rufe taga ya tafi. Baba bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Ban sake fashi ba har shekara huɗu, lokacin da aka sayar da ginin aka tuge turken.

Yanzu rediyon na cikin kwali, Baba kuma na kiran Maraɗi ta waya yana ganin fuskar kowa, amma minti biyar ya gaji. Ina kewar yadda yake sunkuyawa cikin ƙarar shuuu yana laluben muryar wanda bai sani ba. Ban taɓa ganinsa da farin ciki irin na lokacin ba.